Gudun Bushira Ya Tashi Ƙauye Guda

Anti Rahma,

Don Allah ki taimake ni da shawara, na gaji da juya maganar nan ni kaɗai. Sati biyu ke nan abinci ba ya yi mini daɗi.

Ni matar aure ce a cikin garin Birnin Gwari, 'ya'yana uku. Babbar, Bushira, shekararta goma sha biyu, kuma Allah ya ba ta ƙafa. Ban san inda ta gado ba, don ni ko kaza ba na iya kamawa. Malamin wasanninsu, Malam Timothy, ya zaɓe ta a gasar gudun makarantu da za a yi a Kaduna. Da za su tashi hutu ya ja mata kunne kada ta zauna, ta riƙa gudu kullum da safe.

A hutun nan maigidana ya ce mu je ƙauyensu, can bayan Kuyello, mu yi sati guda. Rabonmu da garin shekara huɗu, kin dai san dalili, 'yan bindigar daji. Bana hanya ta ɗan yi sauƙi, muka hau babura muka ratsa laka muka isa. Kwana biyun farko wallahi mun ji daɗi. Surukata, Inna Ma'u, ta yanka mana kaji, yara suka ci gasasshiyar masara har cikinsu ya ɓaci, ƙananan na ta buga ƙwallon tsumma a ƙofar gida. Maigidana da dariyarsa ke tsada a gari, sai ga shi yana ƙyaƙyatawa.

Rana ta uku da safe Bushira ta ce za ta yi gudunta a filin makarantar ƙauyen. Ga inda laifina yake, Anti. Ni na hana ta. Bakin dangin miji na ji wa tsoro, kada a ce na kawo musu yarinya tana tsalle-tsalle a gaban maza. Na ce ta zaga ta bayan gonaki, ta bi hanyar masu itace ta gefen daji, ta dawo ba wanda ya gan ta.

Na manta abin da gudu yake nufi a garin nan. Masara ta fi mutum tsayi, ba a hango abin da ke bayanta. Matan da ke bakin rijiya kawai sai suka ga yarinya ta faso daga wajen daji a guje tana haki. Ba wadda ta tsaya tambaya. Aka watsar da bokitai, aka sa ihu, nan da nan gari ya tashi. Ita kuma Bushira da ta ga kowa na gudu, sai ta zaci wani abu ne ya biyo ta, ta ƙara wuta ta wuce su duka. Ni ma na suri ƙaramin na bi ayari, ban san 'yata ce ta kore mu ba. Muka kwanta a bakin rafi cikin sauro har azahar. Tukwane suka ƙone a kan murhu, awaki suka shiga gonaki. Inna Ma'u ta faɗa kwazazzabo ta karye a hannu.

Da gaskiya ta fito, maigidana ya tsare Bushira a gaban jama'a yana tambayar wanda ya aike ta daji. Ta dube ni sau ɗaya, ta sunkuyar da kai, ta ce ita ta kai kanta. Ina tsaye a wurin, bakina ya mutu. Nan take ya rantse ita da gudu har abada. Ita kuwa Inna, ana yi mata ɗori tana shafa kan yarinyar tana hamdala, wai tunda jikarta ce ba mutanen daji ba, ko hannu biyu ne ta yafe. Wannan godiyar tata ita ta fi ci mini rai.

Yanzu mun dawo gida. Kowa sai ya ce in gode Allah ba a rasa rai ba, kuma ina godewa, amma na gaji. Bushira ta wanke takalmanta ta tura ƙarƙashin gado. Aikinta kawai take yi. Takardar izinin zuwa Kaduna tana nan, sai uba ya sa hannu, kuma Juma'ar makon gobe za a rufe karɓa. In na faɗi gaskiya, ina tsoron ya ce ni na karya masa uwa. In na yi shiru, yarinyar ta rasa abin da take so saboda ni. Yaya zan yi?

Uwar Mai Gudu, Birnin Gwari

'Yar uwa,

Sannu da ɗawainiya. Ki fara sauke abin da ba naki ba. Ba ke kika karya Inna ba, ba kuma Bushira ba, shekarun tsoro ne suka karya ta. Matan da suka watsar da bokiti ba wauta suka yi ba, irin wannan saurin ne ya sa da yawansu suke raye har yau. Maigidanki ma ki yi masa uzuri. Ya ga mahaifiyarsa a ƙasa, ya ji kunyar mutanen garinsu, baki ya riga tunani.

Hanyar da kika nuna wa yarinyar kuskure ne, kowa na iya yi. Laifinki shi ne shirun. 'Yar shekara goma sha biyu ta rufa miki asiri a gaban gari guda, kuma kullum tana kallonki ta ga yaushe za ki karɓi kayanki.

Kada ki jira Juma'a. In ya ci abinci ya natsu, ki faɗa masa yadda aka yi, ba kwana-kwana. Kada ki haɗa da maganar takarda a zama ɗaya, don kada ya ɗauka dabara ce. Zai yi faɗa, ki daure. Daga nan ki ba Bushira haƙuri da bakinki, ba zai rage miki girma ba. Washegari ki kira Inna Ma'u a waya ki faɗa mata ita ma, ki roƙe ta ta sa baki. Tsohuwar da ta yi hamdala ana ja mata ƙashi ba za ta yarda a hukunta jikarta da sunanta ba. Rantsuwar kuwa, liman zai nuna masa yadda ake kaffara.

Ba zan yi miki alkawarin zai sa hannu a kan lokaci ba. In ranar ta wuce, gasa za ta dawo baɗi. Amma in Bushira ta girma da sanin cewa kin bar ta ita kaɗai a gaban mutane, wannan ba ya gyaruwa da takarda.

In Allah ya kai ku wani hutun, a sanar a masallaci tun da asuba, ta yi gudunta a filin makaranta a gaban kowa, yaran garin su bi bayanta. Akwai ƙananan yara a ƙauyen nan da tun da aka haife su ba su taɓa ganin mutum na gudu ba tare da an biyo shi ba. Ki bari su gani a wurin 'yarki.

Allah ya ba Inna lafiya, ya ba ki ƙarfin halin buɗe baki, ya zaunar mana da dajin nan lafiya.

Anti Rahma