Kifin Fari Yana Cikin Firiza

Zuwa ga Lailatu, Ummu Maha, sanyin safiyar Ɗa'ifa a tsakiyar zafin Makka, inuwar da nake fakewa idan duwatsun Kudai suka ɗauki wuta, ruwan randa na bayan azahar, tauraruwar da ta sauko gidan direban bas ba ta raina shi ba. Assalamu alaiki. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da jiki, ina gaida mutanen Yauri kaf ɗinsu, ban da mutum ɗaya. Kin san shi.

Ki yi haƙuri da rubutun. A aji huɗu na yi sallama da boko, shi ma bai ce in tsaya ba. Rim ta ce in kawo ta buga mini a waya, na ƙi, don Hausarta ba za ta ɗauki wannan kaya ba, kuma akwai maganar da uba ba ya so 'yarsa ta ji. Zan ɗauki hoton takardar in turo miki.

Wata uku ke nan da kika tafi jinyar Inna. Allah ya ba ta sauƙi, na gan ta da idona a waya tana korar awaki da muciya. Amma ke sau biyu kina ɗaga ranar dawowa, takardarki ta fita da komowa kuwa saura mata kwana goma sha shida ta mutu. Kin fi ni sanin abin da ke biyo baya idan ta mutu kina can: ƙofar dawowa Makka ta rufe. Duk wannan na shanye, na yi shiru irin na manya, har ranar da Maha ta nuna mini wancan bidiyo.

Ga ki zaune a bakin Kwara, iska tana wasa da gyalenki, kwano a cinyarki. Ga Suhaibu, ɗan kawunki, abokin wasanki, wanda ya riga ni kai goron neman aurenki, tsaye kusa da sabon jirginsa mai inji yana washe baki kamar an ba shi sarauta. Ya kamo giwan ruwa, kifin farko na jirgin, ya rasa wanda zai miƙa wa a duk faɗin Yauri sai matar Mukhtaru. Kika ci. Kika lashe yatsa. Kika ɗaga kai kika raɗa wa jirginsa suna Hutun Rai.

Hutun Rai, Lailatu? Shekara ashirin da uku ina hawa da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, bene na huɗu a kafaɗata, ina sauko da tukunyar gas, ina tsallake layi in kawo miki burodin tamis da zafinsa, ashe hutun yana can cikin jirgin Suhaibu?

Kada ki ce ban san al'adar ba. Na sani, ke kika koya mini. Kin tuna ranar da na fara kai ki bakin teku a Shu'aiba, Maha tana goye? Kika tuɓe takalmi, kika shiga har gwiwa, kika ɗebi ruwan kika ɗanɗana, kika tofar, kika ce wannan ba ruwa ba ne, miya ce da gishiri ya yi wa yawa. Rana tana faɗawa cikin tekun, fuskarki ta yi jajir kamar dabinon da ya nuna a kan uwarsa. A nan kika ba ni labarin mahaifinki, Allah ya jiƙansa: a gidanku mai jirgi ba ya raɗa wa jirginsa suna. Sai jirgi ya kawo kifin fari, sai a ba wanda ya fi kowa matsayi a zuciyar mai jirgin ya ci, shi zai faɗi sunan. Na yi dariya a lokacin, na ce mu a Maigatari ko jaki ba ya samun wannan gata. Yanzu dariyar ta ƙare. Wanda ya fi kowa matsayi a zuciyar mai jirgin, haka kika ce, ban ƙara ko wasali ba.

To ki ji abin da kishi ya sa mijinki. Na sayi kwalekwale.

Ba irin na gidanku ba ne. Na roba ne, rawaya, na mutum ɗaya, wanda yaran nan suke kira kayak. Wajen Talal maƙwabcinmu na karɓa, likita ya hana shi saboda baya. Ranar da muka ɗaure shi a saman mota duk layinmu sai da aka leƙo ta taga. Wani tsoho ya tambaye ni ko na ji labarin za a yi ruwan ɗufana a Makka ne ban gaya wa jama'a ba.

Juma'a huɗu ina zuwa Shu'aiba. Ni, mutumin da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce bokiti ba. Juma'ar farko na kife tun ban bar gaɓa ba, rigar ceto ta ɗago ni kamar ƙwarya, yaran Larabawa suna tafi. Ta biyu na yi ta juyi wuri ɗaya, ashe gefe guda nake tuƙawa da filafili. Ta uku ƙugiya ta kama wani abu mai nauyi, na ja da ƙarfina, wandona ne. Ta huɗu, bayan la'asar, Allah ya dubi maraicina. Kifi ɗaya, sha'ur suke ce masa, tsawonsa bai wuce tafin hannuna ba. Da Suhaibu ya gan shi da ya mai da shi abincin ƙugiya. Amma na fari ne, kuma nawa ne, kuma da na ɗago shi yana walƙiya ban san lokacin da na kira sunanki a tsakiyar ruwa ba.

Yana cikin firiza. Na naɗe shi a leda uku, na rubuta haramun a jiki da Larabci don yaranki su gane.

Kowa ya kawo nasa sunan. Talal ya ce in sa masa Shahin. Maha ta ce Amal. Rim, marar kunya, ta ce a sa masa Baba Ya Kife. Na ce duk ku bari, babu wanda ya ci kifin a cikinku. Gefen kwalekwalen yana nan fayau, gwangwanin fenti da buroshi suna ƙarƙashin gado. Ni kaina na gwada sunaye a zuci ina tuƙa mahajjata, har na wuce mahaɗar Kudai sau biyu, fasinja suna zaton wata ziyara ce. Babu sunan da ya zauna. Sunan yana bakinki.

Ya hasken idona, ya raɓar da ke sauka inda ba a yi shuka ba, wa ya ba Suhaibu izinin ganin wannan dariya? Wa ya ba iskar Kwara izinin taɓa gyalenki? Ina kishin kwanon da ke cinyarki. Ina kishin ƙayar kifin da kika zare daga bakinki. Har Inna, Allah ya yafe mini, ina kishinta, don ita ciwon ƙafa kawai ta yi kika haye jirgin sama, ni kuwa zuciya ce take ciwo, kina cewa in sha panadol.

Yanzu bari in ajiye wasan, tunda babu mai ji sai ke.

Na kalli bidiyon nan fiye da yadda ya kamaci mai furfura. Da farko Suhaibu nake kallo, ina neman abin da ya fi ni. Tumbi ne kawai. Daga baya na daina ganinsa, ke nake gani. Lailatu, rabon da in ji kin yi irin wannan dariya a gidanmu na manta. Na ɗauko 'yar masunta, wadda ta koyi iyo kafin ta koyi tafiya, na ajiye ta a ɗaki biyu tsakanin duwatsu, tagarta tana kallon tashar bas. Kullum ina cewa ai muna maƙwabtaka da Ɗakin Allah, kina cewa alhamdulillahi, ni kuma ban taɓa tambayarki ko akwai saura bayan alhamdulillahin ba. Suhaibu zan iya ja da shi har gaban alƙali. Kogi fa? Da me zan ja da kogi, da kwalekwalen roba?

Don haka ga roƙona. Ki dawo kafin takardar ta mutu. Ki zo ki soya kifin nan, loma biyu ne, ki cinye, ki faɗi suna. Ko me kika faɗa zan rubuta da hannuna, ko da zagi ne. Duk Juma'a zan kai ki Shu'aiba, ki zauna ciki ki tuƙa, ni in tsaya a gaɓa riƙe da takalmanki, inda na fi amfani.

In kuma zamanki a Makka ya ƙare a zuciyarki, kada ki bar takarda ta faɗa mini. Ki zo ki faɗa da bakinki, a kan tabarmarmu. Maha tana ɗakin mijinta, Rim saura mata shekara ɗaya ta gama. Wallahi zan miƙa makullin bas, in karɓi takardar fita ta ƙarshe, in bi ki Yauri in zama abin dariyar masunta har ƙarshen raina. Zan ma gaida Suhaibu. Sau ɗaya, ranar Sallah.

Abin da ba zan iya ba shi ne in zauna nan ina jin dariyarki ta waya.

Naki tun kafin furfura, naki bayan haƙora sun zube, a tudu ko a ruwa, ko da a kife,

Mukhtaru, Abu Maha
Kudai, Makka