Waƙa Ƙasa-ƙasa a Ɗakin Mista Pickering

Yaya Lusungu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Mama da ciwon ƙafa? Ina fata masara ta yi kyau bana a Rumphi. Ni lafiyata lau, kada ku damu, barci ne kawai ba ya isata.

Har yanzu aikin dare nake yi a gidan kula da tsofaffi. Idan sha biyu ta gota, mutanen Ingila suna kiran lokacin ƙananan sa'o'i. Wanda ya raɗa sunan nan bai taɓa kwana a tsaye ba. Babu haushin kare, babu carar zakara, sai numfashin tsofaffi.

A irin lokacin ne wani tsoho, Mista Pickering, ya cika shekaranjiya. Moira, abokiyar aikina, ta buɗe taga don ransa ya samu hanyar fita, haka suke yi. Sai ta ce, "Taho mu sha shayi, Wezzie."

Na ce, "Shi kaɗai za mu bari? Wa zai yi masa waƙa?"

Ta ce, "Ke dai da rigima. Ki yi, amma kar ki tashi na ɗakin kusa."

Na zauna gefensa ina rera waƙoƙin coci ƙasa-ƙasa, irin waɗanda kuka kwana kuna yi wa Baba da ya rasu, ni ina nan ina canza zanen gado.

Idan ɗan garinmu Chawanangwa zai taho nan, ki ba shi busasshen kifin usipa ya kawo mini. Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Kada ki karanta mata wannan, amma rabin waƙar nan, Yaya, ba ta Baturen ba ce.

Ƙanwarki,
Wezzie