Autana Ya Roƙe Ni Kada In Ƙara Zuwa Kallon Wasansa

Assalamu alaikum, Malama. Ki agaza mini da shawara, domin na kai inda ba na iya bambance tawakkali da tsoro a zuciyata.

Ina da shagon ɗinkin labule. Autana kuwa mai tsaron gida ne a ƙungiyar ƙwallon matasa. Tun yana ƙarami ni nake wanke safar hannunsa, kuma wasansa ba ya wuce ni. Sai dai ban taɓa yaba masa ba, domin an tarbiyyantar da ni a kan cewa yabon ɗa a gaban idonsa girman kai yake haifarwa. In ya kama ƙwallo in sunkuyar da kai, in an ci shi ma haka.

Kwanakin baya, ana gobe babban wasa, ya zauna a kan bandir ɗin yadi ya ce in roƙa masa Allah su yi nasara. Na ji nauyin ɗaga hannu ga Ubangiji a kan ƙwallo, alhali ga marasa lafiya kwance a asibiti. Sai na ce Allah ya zaɓa masa mafi alheri. Washegari ƙwallo mai sauƙi ta suɓuce masa ta shiga raga. Daga baya ya gaya wa yayarsa wai ko ni ban sa ran zai iya ba, kuma duk ya hango fuskata hannunsa rawa yake. Ita ya aiko da roƙon kada in ƙara zuwa.

Na bi maganarsa, amma ranar wasa keken ɗinki ba ya zaunar da ni. Nakan tsinci kaina a bayan katangar filin, kusa da mai facin taya, ina sauraron ihun mutane ko zan gane wane gida aka ci. Ina kewar ganin yadda yake tafa hannu yana tsawata wa 'yan bayansa.

Akwai kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Wani sabon otal ya nemi in ɗinka labulensa gaba ɗaya, na ƙi, na kira abin wadar zuci. Yanzu ina zargin tsoron kuskure ne na lulluɓe da mayafin addini. Ko wannan tsoron na shayar da yaron? Ga shi an ce masu zaɓen 'yan wasa za su zo wasa na gaba. In je, ko in haƙura?

Uwar Mai Tsaron Gida

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Addu'arki ba ta da aibi, kuma gudun girman kai hali ne nagari. Amma yaron ba fatawa ya zo nema ba, ya zo ne ya ji uwarsa tana bayansa. Ubangijin da ake roƙo ya ba da lafiya shi ake roƙo ko da allurar ɗinki ce, kuma taskarsa ba ta raguwa don an ambaci ƙwallo. Shi ma autan ya ɗora miki abin da ba naki ba, domin babu mai tsaron gidan da ba a taɓa ci ba, ko uwarsa na nan ko ba ta nan.

Kada ki je wasan ba da yardarsa ba, kada kuma ki bar yayarsa tana kai da kawowa tsakaninku. Ki zaunar da shi da kanki. Ki ambata masa wata ƙwallo da ya taɓa kamawa, ki faɗi yadda ƙirjinki ya cika a ranar. Ki ba shi labarin otal ɗin, ya san ke ma kina jin tsoro. Sannan ki roƙa masa nasara a bayyane, yana ji, ki biyo da neman zaɓin Allah. Ki tabbatar masa ko an ci shi abincinsa yana nan da ɗumi.

Ke kuma ki koma otal ɗin, ki nemi ko da labulen hawa ɗaya na benen ne ki gwada. Tawakkali bayan an zare almakashi yake zuwa.

In ya ce ki zo, ki zauna inda zai gan ki, ki ɗaga kai. Allah ya tsayar masa da hannu, ya sanyaya miki zuciya.