Tarwaɗa a Bahon Wanki

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ƙafar nan kuma ta yi sauƙi.

Na san labari ya riga ni isowa, don bakin Goggo ba ya hutu. E, rahotona ne ya sa aka hana kamun kifi a gefen tafki mai ciyawa, inda Yaya ke zuba raga tun Baba na da rai. Inna, ba mugunta ba ce. Aikinmu a ofishin binciken kifi shi ne mu kama kifi, mu auna tsawonsa da nauyinsa, mu maƙala masa 'yar alama a baya, mu sake shi. Abin da na gani ya tayar mini da hankali: kusan duk ƙanana ne, ko ƙwai ba su fara yi ba. A ciyawar nan iyayen ke zuba ƙwai. In aka ci gaba da kwashe su, jikokinki ruwa zalla za su gada.

Yaya ya daina amsa gaisuwata. Shekaranjiya a bakin ruwa ya ce wa abokansa wai an kai ni makaranta na koyo zubar da abinci. Na yi dariya a gabansu, da na koma ofis kuwa na sha kuka. Rahoton nan ba zan janye ba, amma ba na son rasa ɗan'uwana. Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Auta

Innata,

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya ƙarshen damina? Gyara zama ki sha labari!

Yau da hantsi ina goge ma'auni, sai ga Yaya a ƙofar ofis, jiƙe sharkaf, ɗauke da bahon wankin matarsa. A ciki wata ƙatuwar tarwaɗa ce da ranta, ciki cike da ƙwai, ga alamata a bayanta. Daga ciyawar ta fito ta faɗa ragarsa. Ko sallama bai yi ba, wai in yi sauri in auna ta kafin ta galabaita. Ta ƙara tsawon kusan taƙi guda a kan yadda na sake ta!

Kin san gidanmu, ba a taɓa mayar da kifi ruwa ba tun kakanni. To yau ɗanki, a gaban abokan nan nasa, ya durƙusa a bakin tafki ya sake ta da hannunsa. Wani ya fara tsokana, Yaya ya daka masa tsawa, ya ce duk wanda ya kama mai alama ya kai wa ƙanwarsa. Ƙanwarsa fa, Inna! Wallahi ji na yi kaina ya kusa taɓo rufi. Ban san da wa na fi alfahari ba, ni ko shi.

Da zai tafi ya harare ni, ya ce na rame, in zo gida gobe a ba ni abinci.

Ki gaida Goggo, ki ba ta wannan ma ta yaɗa.

Taki har kullum,
Auta