Farantin da Ke Ƙamshin Kanumfari

Litinin, 3 ga Maris

Ka yi haƙuri, littafi. Don sakamakon gwaji aka ba ni kai, ba don surutuna ba. Amma bakina ba ya buɗuwa a gaban mutane, kai kuwa ba ka dariya.

Yau a ɗakin gwaje-gwaje na goga auduga a haƙorana, na shafa a faranti biyu masu murfi. Na ɗiga ruwan kanumfari a tsakiyar ɗaya, ɗayan kuma maganin kurkure baki na kanti. Wanda ya fi hana ƙwayoyin cuta tsirowa shi ya ci. Da na gaya wa Kaka a gida, ta ce, "Kanumfari mana! Haƙorana shaida ne." Sha ɗaya suka rage mata.

Laraba, 5 ga Maris

Ƙwayoyin sun cika farantan, amma na kanumfari ya bar wani faffaɗan zobe fes, ko ɗigo babu. Malama ta auna da rula har sau biyu. Ta ce ni zan wakilci makaranta a gasar kimiyya. Ni!

Alhamis, 6 ga Maris

Ina mayar da farantan sai ƙamshin kanumfari ya bugi hancina. Daga wanda aka rubuta wa "na kanti" yake fitowa. A murfi na rubuta sunayen, ba a gindi ba, kuma tare na buɗe su ranar Litinin. Ashe na musanya murafan. Zoben ba na Kaka ba ne.

Juma'a, 7 ga Maris

Kaka ta gama gaya wa maƙwabta. Yaya sai "Likita, ranki ya daɗe" yake yi mini. Na share ɗaki sau uku.

Lahadi, 9 ga Maris

Babu wanda ya sani sai hancina. In na yi shiru...

Litinin, 10 ga Maris

Na faɗa. Malama ta ce, "Ɗaga murya, ban ji ba." Na ɗaga, har 'yan bayan aji suka waiwayo.

Ta shinshina farantin, ta daɗe. "Gobe ake miƙa sunaye, ba za ki samu shiga ba bana." Sannan ta ba ni sababbin faranti biyu. "Ki rubuta a gindi, 'yata."

Kaka cewa ta yi, "Ƙwayoyin bakinki ne ba su da kunya."

Na ja layi ɗaya a kan tsohon sakamakon, ban goge ba. In ka yarda, littafi, ka ara mini wani shafin. Abin da zoben ya ce, shi zan rubuta.