Kar Ka Sayar da Kekenka

Yaya,

Na fita aiki kana barci. Ɗazu ina shara, tsintsiya ta fizge wayar da ta haɗa allo da tsohuwar kwamfutarka. Tsoron faɗanka ya sa na mayar a gurguje, sai na soka a ramin ƙasa maimakon na sama. Na kunna wasan tseren motarka in gwada. Ikon Allah! Ko sau ɗaya bai sarƙe ba. Har ɗigon ruwa na gani yana gangarowa a gilashin motar, na saki baki ina kallo.

Ashe katin sarrafa hoto na cikin kwamfutar da kake ta zagi lafiyarsa lau, ramin ƙasan nan nasa ne, ba ka taɓa jona shi ba ne! Kar ka sayar da kekenka don sayen sabo. Ka dai sayo mini sabuwar tsintsiya.

Ƙanwarka