Askar Surukina da Kunnuwan Kwiyakwiyaina

Gwaggo Maijidda, don Allah ki taimake ni, ki kuma yi haƙuri da irin maganar da na kawo miki. Na san filin nan naki na masu rikicin aure ne da masu ciwon zuciya, ni kuwa kunnen kare ne ya kawo ni. Kada ki yi dariya tukuna. Kai, yi abinki ma, matata ta riga ki.

Ni mazaunin Sabon Gari ne a nan Maraɗi. Aya da wake nake sayarwa, ina da 'yar mangaza inda nake jibge buhuna. Ɓarayi ne suka koya mini kiwon kare. Da na gaji da sayen kwaɗo suna fasawa, sai wani abokina ya kai ni Tibiri wurin wani dattijo, Mushe Kalibu (Mushe dai haka muke kiran malamin boko), tsohon malamin lakwal da ya ajiye alli ya koma kiwon barje, wato manyan karnukan nan na Jamus masu tsayayyun kunnuwa, irin waɗanda jandarmomi ke riƙewa.

Mushe mutum ne mai wuyar sha'ani. Ranar farko bai ba ni kare ba, tambayoyi ya yi ta jera mini kamar na zo neman auren 'yarsa: ina inuwa, ina ruwa, wa zai kula da karen in na tafi cin kasuwar ƙauye. Sai da ya hau moto ya zo ya ga wurin da idonsa, sannan ya ba ni 'yar karya, na sa mata suna Damina. Tun daga nan na zama ɗalibinsa, ni da furfura ta fara leƙo mini a gemu. Shi ya koya mini allurar rigakafi da maganin tsutsar ciki, da yadda ake yi wa kare magana ba da sanda ba. Da Damina ta fara neman barbara na ɗoki in ga 'ya'ya, ya ce in sa wa raina ruwan sanyi, yarinya ce, ƙashinta bai ƙosa ba. Na jira har na gaji. Da lokaci ya yi kuma sai ya sa na yi ta zagaya fili da ita, shi yana tsugune yana kallon ƙugunta ta baya, wai in akwai ɗingishi a ɓoye 'ya'ya za su gada. Bayan duk wannan ne ya yarda aka haɗa ta da babban karensa, Kapitan. Sharaɗinsa guda ne: a yi renon 'ya'yan yadda ya koya mini, kuma kada a ba kowa sai an ga gidan da za su zauna.

Damina ta haifi shida, kowane kamar a sace. To, gidanmu na Sabon Gari kamar akwatin ashana yake, ga zafi, ga maƙwabcina yana ta ƙorafin kuka, ga tsofaffin unguwa suna yi wa matata Atika wa'azin mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare, ko da yake a ƙofar mangaza suke. Atikar ce ta ba da shawarar a kai su Jiratawa, garkar mahaifinta, inda akwai inuwar mangwaro da ruwa. Na ce madalla. Ashe da hannuna na kai kaina.

Bari in gaya miki ko wane ne surukina. Baba mafarauci ne na gaske, a zamaninsa in ya fita karnuka ne ke binsa zugui-zugui, ba zomo ba dila da ke tsira. Yanzu dajin duk ya zama gona, karensa na ƙarshe ya mutu, shi kuma ya koma zaman gindin mangwaro. Abinci sai an yi ta lallashi, magana sai ta kama. Gwaggo, ranar da aka sauke karnukan nan tsohon nan ya miƙe kamar an yi masa sabon jini. Ya kafa musu rumfa, yana yayyafa ruwa a yashi su kwanta, yana bin jikinsu yana cire kaska. Damina da ba ta yarda da kowa, sai ga ta kwance a ƙafarsa. Har raina na ji daɗi, na ce na jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Zuwan da na yi na baya-bayan nan, ina sauka daga kabu-kabu na hangi babban kwikwiyon, wanda Mushe da kansa ya ce ya fi sauran, yana tahowa da kunnuwa guntaye, an barbaɗe su da garin bagaruwa. Baba na biye da shi yana murmushi har kunne. Ya ce ya ga kunnuwan yaran sun zube kamar na tunkiyar Balami, alhali na uwarsu a tsaye suke cak, ya gane gwani ne ya yi mata aska tun tana ƙarama. Shi kuwa ba zai zauna yana kallo karnukan mijin 'yarsa su tashi da kunnen tumaki a yi masa dariya ba. Da wannan ya fara don shi ne mai zuciyar cikinsu, har ya sa masa suna Ƙyale-su. In mikin ya bushe ya ga yadda hannunsa ya faɗa, sai ya bi sauran biyar.

Kin san abin da na ce? Na durƙusa na ce Allah ya saka da alheri, Baba. Wallahi godiya na yi! Zuciyata tana kuka, bakina yana godiya. To me zan ce? Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, wanda ya ba ni 'yarsa lokacin da ko buhu ɗaya ban mallaka ba, shi zan buɗe baki in ce bai san kare ba?

Kunnen barje da kansa yake miƙewa in ya girma, Mushe ya sha gaya mini. Na tura Atika ta gwada fahimtar da shi. Baba ya ce mata tun ba a yaye uwarta ba yake yanke kunnen kare. Ta nuna masa hotunan barje a waya, ya duba da kyau ya ce ai ga shi nan, duk an yanke musu, Nasara dai akwai hannu, ko tabo ba sa bari. Ta dawo tana dariya har da hawaye, amma da ta gama sai ta ce in na kwashe karnukan nan, to in sani har da ubanta na kwashe, don ta ga yadda yake kafin su zo.

Yanzu dabara biyu ke yawo a kaina. Ko in ce za a kai su allura Maraɗi in ƙi mayar da su, ko in bi shawarar abokina da ya ce in fito fili in gaya wa tsoho zamani ya canza, karen bana shi ke maganin zomon bana. Mushe kuwa ban gaya masa ba, in ya kira sai in ce kowa lafiya. Har na yi tunanin in ce masa uwar ce ta ciji kwikwiyon. Ina jin kunyarsa, ina tausayin 'yan dabbobin nan, ina kuma tsoron in karya zuciyar tsohon da bai nufe ni da komai ba sai alheri. Mikin Ƙyale-su ya fara ɓawo, Atika kuma ta ce ta ga Baba yana wasa aska. Yaya zan yi?

Naki,
Surukin Mafarauci, Sabon Gari, Maraɗi.

AMSA

Surukin Mafarauci, na yi dariyar, ba zan ɓoye maka ba, musamman wurin godiyar nan. Amma na gama, don aska ba ta jiran mai kunya.

Mu fara da Baba. Ba jahilci ne ya sa shi ɗaukar aska ba, ilimi ne na wani kare daban. Karen farauta yana kutsawa sarƙaƙiya, yana kokawa da dila, ƙudaje suna cin bakin kunnensa, shi ya sa mafarauta suka ga gara a rage. Sun yi don dalili. Ka kuma lura, cikin shidan nan wanda Mushe ya zaɓa shi Baba ya zaɓa, ba tare da sun haɗu ba. Mai irin wannan ido ba a ce masa zamani ya wuce shi. Karin maganar abokinka gaskiya ce a bakin kasuwa, amma in ka kai ta Jiratawa ka yi asarar suruki. Ka bar masa abarsa.

Sai dai a wannan magana Mushe ne da gaskiya. Barje ba ya shiga ƙaya, gadi zai yi, kunnensa kuma yana miƙewa da kansa, wani da wuri, wani sai ya gama canza haƙora. Yanke shi azaba ce ba amfani, kuma dabba amana ce, za a tambaye mu. Saboda haka biyar ɗin nan ba za a taɓa su ba. Wannan ba abin ciniki ba ne, yadda za a hana ne kawai abin shawara.

Batun allurar ƙarya, cire shi daga ranka. Tsohon da ke karanta sawun zomo a kan yashi, fuskarka ce za ta gagare shi? Zai gane, ba zai ce komai ba, zai koma gindin mangwaronsa, wannan shirun kuwa ya fi faɗa ciwo. Haka ma ɗora wa Damina laifi. Mushe na ganin mikin zai san aska ce, ka tashi daga ɗalibin da aka yi wa kuskure ka koma maƙaryaci.

Ga abin da za ka yi, kuma yau, ba gobe ba. Atika ta kira mahaifinta ta ce ya dakata da sauran, za ka kawo Mushe, mai uban karnukan, ya gaishe shi. Babu ƙarya a ciki, kuma mafarauci ya san haƙƙin mai kare. Kai kuma ka nufi Tibiri ka zayyana wa Mushe komai. Zai yi faɗa, ka sunkuyar da kai ka sha, da ma laifinka ne da ka kai dabbobi hannun gwanin farauta ba ka gaya masa irinsu ba. In ya huce ka roƙe shi ya bi ka Jiratawa, ya taho da matashin barje, irin wanda kunne ɗaya ya miƙe ɗaya bai gama ba. Kada kowa ya yi wa Baba lacca. A ajiye masa karen a gabansa ya shafa bakin kunnen da yatsunsa. Hoto bai gamsar da shi ba don hoto ba ya shafuwa, amma gani ya kori ji. Kai dai ka koma gefe ka yi ta hura wutar shayi. Abin da suruki ba zai iya faɗa ba, tsara zai faɗa a yi dariya.

Ka kuma raɗa wa Mushe cewa kada ya zo da koyarwa kaɗai, ya zo da tambaya. Yadda Baba ke gane mai zuciya tun yana shan nono, da yadda ya shawo kan Damina, abu ne da mai kiwon kirki zai so ya ji. Kai da ke neman koyo, Allah ya ba ka malamai biyu, kana ta ɓoye wa ɗaya ɗaya. Ka nemi likitan dabbobi ya duba mikin nan ma, bagaruwa ta yi nata, amma kwikwiyo ne.

Shi kuwa Ƙyale-su, kada ka kai shi ko'ina. In an yaye su, sauran suka tafi gidajen da kuka tantance, ka durƙusa ka ce wa Baba wannan nasa ne. Shi ya zaɓe shi, shi ya raɗa masa suna, kuma garka na son mai gadi. Da ma ba kunnuwan sauran biyar ɗin ne ke riƙe da tsohon nan ba, abin da zai tashi dominsa da safe yake so. Ka ba shi, hankalin Atika ma ya kwanta.

In kuwa an yi duk wannan Baba ya ce shi dai sai ya yanke, to ka ɗauke su da rana tsaka, a gabansa, gwiwa a ƙasa, ka faɗa masa dalili da bakinka. Zai yi fushi. Fushin suruki yana hucewa, in an bi shi da goro da haƙuri. Kunne kuwa ba ya tsirowa.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya raya muku abin kiwonku. Ka gaishe mini da Atika.

Gwaggo Maijidda